Rijiyar da Ta Taso Ta Zo Ƙofar Inna

Ku 'ya'yana da jikokina, akwai maganar da na gaji da maimaitawa da baki, shi ya sa na ce bari in ajiye ta a rubuce tun ina da sauran ido. Duk wanda ya shigo ɗakina ya ɗaga kai ya ga zanen Tunga da ke manne a bango, in dai ya san garin, abu na farko da zai ce shi ne rijiya ba nan take ba. Na sani. Na fi shi sani, don a kan hanyar rijiyar nan gashin tsakiyar kaina ya fara sanƙo tun ban yi aure ba. Har a cikinku akwai mai rawar kan da ya ce zai gyara mini ita yanzu-yanzu, na ce masa in ya taɓa ta ni da shi ne. To ku zauna ku ji dalili.

Tunga 'yar ƙaramar unguwa ce ta manoma da masu kiwo, gabas da Shinaka, cikin ƙasar Goronyo. A can aka haife ni, kuma ni ce 'yar fari a ɗakin Inna, shi ya sa har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Da ina ƙarama "ke wagga" take ce mini. Da na girma na koyi bugun tafireta, na yi aikin ofis har na yi ritaya, na buɗe shagon buga takardu a bakin kasuwar Wurno, sai na koma "mai inji". Kwamfutar shagon ta hannu ce, da manhajar rubutunta a ciki na saye ta, irin wadda kowane ofis ke aiki da ita. Ban taɓa tambayar ko ta waye ba. Katin biki, takardar neman aiki, tambayoyin jarrabawar malamai, da su nake ci nake sha, kuma ba yabon kai ba, yatsuna ba sa jiran idona.

Sai ga shekarar da 'yan bindiga suka hana mutanen Tunga sakat. Ba zan tsaya a kan wannan ba, kun ji shi daga bakin waɗanda suka gani. Kafin gero ya nuna garin ya watse, wasu Goronyo, wasu Rabah, wasu nan Wurno. Kawu Dikko, ƙanen Inna, shi ya kawo mini ita a bayan babur, da ƙullin kayanta da wani tsohon gammo da ta ƙi rabuwa da shi, sannan ya wuce Goronyo wurin 'ya'yansa. Inna ba ta iya zaman gida ita kaɗai ba, sai na shimfiɗa mata tabarma a shago, bayan ƙofa, inda iska ke shigowa da ƙamshin albasar da ake lodi. Bayan azahar takan jingina da bango, ta rungume gammon nan a ƙirji, ta lumshe ido. Ba barci ba ne sosai, leɓɓanta na motsi, wani lokaci ma har da murmushi. In ta buɗe ido sai in tambaye ta.

"Inna, kin tashi?"

"Na dawo dai. Tumba na gaishe ki. Akuyarta ta haihu, biyu."

Tumba maƙwabciyarta ce, kuma ta rasu tun ina amarya. Da farko abin ya ba ni tsoro, daga baya na saba, har nakan ce ina amsawa.

Wata rana ina haɗa katin biki, na ja wata 'yar da'ira a jikin gilashin kwamfuta don in sa sunan amarya a ciki. Ashe Inna na kallo daga tabarmarta.

"Wanga kamar ɗakin Tumba," in ji ta. "Sa wani kusa da shi, ƙarami. Rumbunta na."

Wasa-wasa na buɗe sabon shafi na sa. Daga nan muka faro. Da'ira ɗakin kara, mai kusurwa huɗu soron ƙasa, kore bishiya, suna a ƙarƙashin kowane gida. A cikin fayil ɗin rubutu nake yi, don iyakar abin da na iya ke nan. Kullum in kasuwa ta lafa sai mu ƙara gida ɗaya ko biyu, ita tana faɗa ido a rufe, ni ina ja. Abin da ya fi damunta kuwa ba gidajen ba ne, hanyoyin mata ne. A Tunga mace ba ta bin titi in za ta maƙwabta. Kowace danga tana da kafa, wurin da aka sassauta kara, daidai faɗin mace da ƙwaryarta. Ta nan garwashi ke tafiya daga murhu zuwa murhu, ta nan ake kai wa mai jego kunu, ta nan labari ke riga maza isa masallaci. Maza sun san akwai su, amma ba su san inda suke ba. Inna kuwa ita ce mai karɓar haihuwa a garin, babu kafar da ba ta ratsa ba. Da ɗige-ɗige muka zana su, suna ta zagaya gidaje kamar sawun tururuwa.

Ranar da muka zo kan rijiya, na sa ta a gefen shafi, can kudu. Inna ta buɗe ido ɗaya.

"Ƙara nisa."

Na ƙara.

"Ke, ba ki san ta ba? Ƙara!"

Na yi ta ja har shuɗin ɗigon ya tsallake iyakar takarda, rabinsa a ciki rabi a waje, sannan ta ce yanzu na yi gaskiya. Gaskiyar ce kuwa. Rijiyar Tunga tana bayan tudu, sai an ratsa gonaki an gangara. Tun Inna tana amarya har ƙafafunta suka gaza, kullum safiya sai ta je ta dawo, ta sake komawa, da ciki ko da goyo.

Mun gama kudancin gari, mun soma leƙa arewa, sai wata safiya na kunna kwamfuta na ga wani layi ya fito a sama, da Turanci mai ladabi, wai izinin amfani da manhajar ya ƙare. Ina iya buɗe fayil in kalla, amma ba na iya taɓa komai. Na latsa nan, na latsa can, na kashe na kunna, na yi mata tofi ma, ko gezau. Ga Tunga a gabana, bayan gilashi, kamar kayan kanti.

"Mi ya hwaru, mai inji? Sa muna gidan Ige."

"Inna, an kulle. Sai an biya masu ita, kuma kowace shekara sai an sake."

"Su wa?"

"Wasu mutane na, can wata ƙasa."

"Sun taɓa zuwa Tunga?"

"A'a."

"To mi ya kai makullinta hannunsu?"

Ta jima tana kallon gilashin, sannan ta juya fuska ga bango ta ce a hankali, "Can an kore mu, nan ma an kore mu."

Wannan maganar ta ƙona mini rai, har yau in na tuna ina jin zafinta. Kuma akwai abin da nake gani ban faɗa wa kowa ba. Ƙafafun Inna sun soma kumburi, tafiyarta ta bayan azahar tana ƙara tsawo, sunayen jikokinta sun fara kuɓuce mata, na Tunga ne kaɗai ba su motsa ba. Na san duk kafar da ban karɓa daga bakinta a wannan shekarar ba, da ita za a binne ta.

Ranar kasuwa Malam Umaru ya zo. Mutumin Rabah ne, mai gyaran kwamfuta, dattijo mai furfura, mai magana a hankali har ka ji kamar ka tura shi. Ya duba, ya tauna goro, ya ce hanya uku ce. Ko in biya. Ko ya yi mata dabara ta buɗe, amma sata ce, kuma ba ya so, ga shi gobe tana iya sake rufewa. Ko kuma ya cire ta ya sa mini wata.

"Wace iri?" na ce.

"Ta kyauta, Hajiya. Mutane na sunka haɗa kai daga ƙasashe daban-daban, sunka gina ta, sunka bat ta buɗe. Rubutu, lissahi, zane, dut suna ciki. Kowa na iya ɗauka, shi ba wani, shi leƙa cikinta shi ga yadda anka ɗunka ta, in ya iya ma shi gyara. Babu mai makulli."

"Kyauta? Malam Umaru, na tsuhwa da yawa a yi mani wagga. Mi za su samu?"

Kafin ya haɗiye goronsa, murya ta taso daga bayan ƙofa.

"Sadaka ta, mai gudana. Ita nika so."

Malam Umaru ya yi murmushi, amma bai ɓoye mini komai ba. Ya ce rubutu zai ƙetare lafiya, zane kam bai yi alkawari ba, don an yi shi a inda ba wurinsa ba. Na yi ta juya abin a raina. Biyan ba zai gagare ni ba, da na nemi katin bankin ɗayanku da an wuce wurin, mu ci gaba daga inda muka tsaya. Ga lokacin bukukuwa ya ƙarato, ga yatsuna sun san tsohuwar kamar yadda suka san carbi. Amma baɗi fa? Kuma in na mutu, duk ɗan Tungan da ya so buɗe garinsu sai ya nemi izinin wani? Na dubi Inna da gammonta, na ce wa Malam Umaru bismilla.

Da ya gama ya buɗe fayil ɗin, sai da na dafe teburi. Tunga ta tashi sama. Rumbuna sun taru a kan masallaci suna shawagi, sunaye sun zame daga ƙarƙashin gidajensu, gidan Liman ya koma cikin gonar wake, itatuwa sun hau kan juna, hanyoyin matan nan da muka sha wahala a kansu sun tattaru a kusurwa ɗaya kamar tsintsiya. Ɗakin Tumba kuwa ya tafi can gefen maƙabarta ya zauna abinsa. Rijiya ma ban gan ta ba sam. Na juya kan Malam Umaru na wanke shi tas, Allah ya yafe mini, bawan Allah ya tsaya yana ta ba ni haƙuri a kan abin da ya riga ya gargaɗe ni. Sai na ji wani sauti da ban ji ba tun ranar da Kawu Dikko ya sauke ta. Inna ce ke dariya, har da riƙe ciki.

"Haka nika ganinta cikin barci! Wallahi haka take, komi na yawo. Tumba kam ta san wurinta."

Ina da tsohon bugu na rabin zanen a durowa, da na so da na gyara ni kaɗai ina dubawa. Inna ta ce ba takarda ce ta san Tunga ba. Malam Umaru ya kwashe komai ya mayar cikin sashen zane na sabuwar manhajar, inda abu ke tsayawa a wurin da aka ajiye shi, ya nuna mini hanya ya tafi. Muka jawo tabarma kusa da teburi, na sauko da gilashin ƙasa. Ita ta ɗora yatsa a kan ɗaki, ni in kama shi da linzamin kwamfuta, yatsanta na tafiya ɗakin na binsa, har ta ce "nan". Waɗannan yammatan su ne mafi daɗi da na yi da mahaifiyata a duniya. Hasken la'asar na shigowa ta ƙofa ya kwanta a kan hannunta, hayaniyar kasuwa ta yi nisa, gidaje na tafiya a hankali suna komawa mazauninsu. Kowane gida ta ɗauka sai ta tsaya a hanya ta gaya mini wa ta karɓi haihuwarsa a ciki, da irin ruwan da aka yi ranar. Wani lokaci yatsan sai ya tsaya cak a tsakiyar gilashi, in duba in ga ta tafi, ni kuma in riƙe ɗakin mutane a iska ina jira ta dawo.

Amma kada ku ɗauka a banza na samu. Sabuwar manhajar komai nata na nan, sai dai ba a inda hannuna ya saba ba. Ni da nake bugu ina hira, na koma ina laluben maɓalli kamar 'yar koyo, da tabarau a kan hanci. Masu katin biki ba su da haƙuri, da yawa suka koma wani shago, wata uwar amarya ma ta tsaya a bakin ƙofa ta gaya mini abin da ba zan rubuta ba. Wannan duk mai sauƙi ne, hannu ya saba daga baya, wasunsu kuma sun dawo. Mai nauyin shi ne lokaci. Makonnin da ya kamata mu kashe a arewacin gari, a sake gina kudu muka kashe su, ƙarfin Inna kuma yana ta raguwa. Akwai ranakun da na yi da-na-sani ƙwarai, ba zan yi muku ƙarya ba.

Gidanmu ta bari na ƙarshe a kudu. Wata ƙatuwar bishiyar bedi, wato dogonyaro, ta zo ta zauna daidai ƙofar ɗakinta, alhali wurinta bakin masallaci ne. Ta ɗora yatsa, na kama, muka janye ta. Sai ga shuɗin ɗigo a ƙarƙashinta. Rijiya ce. Ashe da aka sauya manhaja, abin da muka tura bayan iyakar takarda bai sami wurin tsayawa ba, sai ya faɗo ciki ya sauka a nan, taku kaɗan daga ƙofar Inna, bishiya ta rufe shi duk tsawon lokacin. Na yi tsaki na ɗora linzami a kanta zan mayar da ita bayan tudu. Sai na ji hannu a wuyan hannuna, marar nauyi, mai sanyi.

"Bat ta nan."

"Inna, ba wurinta na ba."

"Na san wurinta, ke wagga. Wa ya hi ni sani?" Ta matso da fuskarta har hasken gilashi ya kwanta mata a ido. "Dut rayuwata ni nika zuwa wurinta. Yau ita taz zo."

Na saki linzami. Ta daɗe tana kallo, sannan ta jingina da bango ta lumshe ido, ta ce, "Gobe in na je, sai dai in miƙa hannu."

Bayan an shigar da dawa rumbu Inna ta rasu, mun yi gidaje kaɗan ke nan a arewa. Da na fita daga makoki na zuba zanen da manhajar a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na shiga mota. Na je Goronyo, na je Rabah, duk inda 'yan Tunga suke da wanda ke da kwamfuta a kusa, na ce a sa, babu mai cewa don me. Maza suka ba da gonaki da iyakokinsu. Mata suka taru a tsakar gida suna gardama, kowacce na nuna kafar dangarta. Da haka arewa ta cika, amma ba duka ba. In kun duba tsakanin gidan Ige da bakin gari za ku ga fili fari, gidaje a tsaye babu ɗigo ko ɗaya a tsakaninsu. Matan wurin sun rasu ko sun yi nisa, wadda ta san hanyoyinsu kuma na kashe mata lokaci a kudu. Wannan farin shi ne abin da na biya.

A Goronyo ne Kawu Dikko ya ga rijiyar. Ya ɗora sandarsa a ƙasa da ƙarfi.

"Wagga ƙarya ta! In Allah ya sa anka koma, yara su tahi neman ruwa ƙohwar yayata?"

"Kawu," na ce, "ka taɓa ɗebo ruwa gare ta?"

Na gaya masa yadda aka yi, da abin da ta ce. Ya daɗe yana shafa gemu, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya tashi ya ce lokacin salla ya yi, alhali da saura. Bai sake tayar da maganar ba har shi ma ya bi yayarsa lahira.

Yana da gaskiyarsa, shi ya sa nake rubuta muku a fili: rijiyar Tunga tana kudu, bayan tudu, in an ratsa gonaki an gangara. In Allah ya mayar da ku, can za ku nema. Amma wadda ke cikin zane ta Inna ce. Fayil ɗin a buɗe yake, na zaɓi haka da kaina, babu makulli a hannuna ko a hannun kowa, kowannenku na iya kama ta ya ja. Ba ni da abin da zan hana ku da shi sai roƙo. Ku ƙara gida, ku cike farin nan in kun sami wadda ta tuna, amma ku bar mata rijiyarta. Gammon da kuke gani rataye a ƙusa ƙarƙashin zanen nata ne. Tun yammacin da rijiyar ta zo ƙofarta ta ajiye shi a gefen tabarma, kuma har ta rasu ba ta sake tambayarsa ba.